Shekarar da Na Fara Fitar da Shara Bayan Magariba

Ba don maganar da aka yi ranar sunan jikata, 'yar Sadiya ba, da wannan shekarar ma tsallake ta zan yi kamar yadda na tsallake wasu. Ina cikin ɗaki ina ƙulla wa baƙi cincin, sai na jiyo wata mata ta taga tana gaya wa ta kusa da ita cewa ai ni ce matar nan da ta kori uwar mijinta saboda bola. Ban san ta ba, kuma na tabbata lokacin da abin ya faru ko ɗaurin zane ba ta iya ba. Ban fita na tanka mata ba, don ranar farin ciki ce. Amma na dubi fuskar Sadiya, na gane ba ranar ta fara jin zancen ba. To, tunda har ya kai kunnenku, gara ku ji shi daga bakin wadda ta ɗauki bokitin. Iya, kakarku ta wajen uba, ta rasu. Babanku ya rasu. Ni kaɗai na rage cikin mu ukun, kuma na san Allah zai tambaye ni idan na ƙara gishiri.

Gidanmu na Mile 2 a Diobu kun san shi, a ciki kuka yi rarrafe, amma ba ku san yadda ya zama namu na zama ba. Kakanku, mijin Iya, mahauci ne da ya biyo shanu daga Haɗeja ya sauka a Fatakwal yana saurayi. Mai gidan, wani dattijo ɗan Ikwerre da kowa ke ce wa Papa, ya ba shi hayar ɗaki ɗaya. Da ɗaki ya faɗi sai kakanku ya kawo ɗan'uwa, wani ya faɗi ya kawo aboki. Kafin a kawo ni amarya, duk ɗakunan nan masu kallon juna mahauta ne a ciki, masu aiki a mayankar Trans-Amadi da muke kira Silota, ɗakin bakin ƙofa kuma an mai da shi masallaci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin nan. Duk wani mai gidan haya da ya ji an ce mahauci ne, ga mata ga 'ya'ya, sai ya ce ɗakin an riga an kama. Mun ga waɗanda suka rasa irin gidanmu. Warwatsewa suka yi, wasu suka ƙare a bakin ruwa can Borokiri, inda in ruwa ya cika sai ka ɗora katifa a kan tebur.

Iya ce uwar gidan gaba ɗaya, ba ta ɗakinmu kaɗai ba. Kada wanda ya ce muku ba ma shiri da ita. Ita ta karɓe ni ina yarinya ban san kowa ba, ban jin ko kalma ɗaya ta buroka, gurɓataccen Turancin nan da ake yi a garin. Ita ta koya mini girki da manja, ita ta yi mini wankan jego a kan kowannenku, har da wanda bai zo da rai ba. Kuma ban taɓa ganin mai tsafta kamarta ba. Kafin rana ta fito ta share tsakar gida, in ta ga ƙwayar shinkafa a ƙasa sai ta nemo mai ita. Doka ɗaya ce ba ta ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: da zarar rana ta faɗi, ba a taɓa tsintsiya, shara kuma ba ta ƙetare bakin ƙofa. Ta ce wanda ya fitar da shara da duhu, da arzikin gidan yake fita. Ta ce kuma magariba lokacin mutanen ɓoye ne, kana iya zuba wa 'ya'yansu datti ba ka sani ba. Ni ma haka uwata ta gaya mini, don haka ban taɓa tambayar dalili ba. A can gida wannan doka ba ta cin kowa komai. Ragowar tuwo ta kaji ce, ɓawo na awaki ne, abin da ya rage a kai juji da safe, kafin damina jakuna su kwashe shi zuwa gona. A Fatakwal babu akuya a ɗakin haya, babu juji, ruwan sama kuma bai san ya isa ba.

Shekara da shekaru masu baro muke ba sharar da safe, su san inda suka kai ta. Shekarar da nake ba ku labari abu biyu suka haɗu. Papa ya mutu, gidan ya koma hannun babbar 'yarsa, Madam Oroma, wadda ke aikin jinya. Hukuma kuma ta hana masu baro, ta ba wani kamfani layinmu. Wata mata ta zo da lasifika ta yi bayani a bakin titi. Ta ce mota za ta riƙa zuwa Talata da Asabar, tsakanin magariba da isha'i, saboda da rana teburan 'yan kasuwa sun cinye gefen titin, ba inda za ta tsaya. Wanda ya ajiye shara da rana, duba-gari za su kama shi. Sannan ba a haɗa ta. Abin da ke ruɓewa a bokiti mai murfi, don taki ake yi da shi. Robobi, gwangwani, kwalabe da kwali a buhu daban. Sauran tarkace a leda a ɗaure.

Dariya muka yi. Delu, maƙwabciyar ɗakina, matar wani abokin aikin babanku, ta riƙe haɓa.

"Yau ga duniya. Shara ma sai an tsince ta kamar shinkafa?"

Iya ba ta yi dariya ba. Cewa ta yi su yi ta zuwa da motarsu da daddare, tamu da asuba za ta fita kamar kullum. Haka muka riƙa yi. Motar ta wuce jiya, mu kuma yau da sassafe mu lallaɓa mu jibge buhunanmu a bakin lambatu kafin duba-gari su fito. Kuma sharar gidan mahauta ba irin ta kowa ba ce. Mazan kullum da ɗan kason da suke dawowa da shi, kai ko ƙafa ko kayan ciki, mu wanke tumbi a gida. Duk dattin da ƙasusuwa da toka da ledar ruwa da gwangwanin tumatir buhu ɗaya muke ɗura su. Buhun ya kwana ya wuni ruwa na dukansa, karnuka su yage shi, ƙuda ya rufe shi. Ranar motar kuma in ta zo, mutumin motar ya haska da tocila ya ce,

"Madam, una don mix am. We no go carry."

Su tafi su bar mana abinmu, wai mun cakuɗa. Muka ce girman kai ne. Muna nan a haka aka yi wani ruwa mai ƙarfi da rana tsaka, buhunan suka zame cikin lambatu suka toshe shi. Ruwa ya taso ya shiga shagon telan da ke jikin gidanmu, wani Inyamuri mai haƙuri, ya ɓata masa yadikan mutane. Ya kuma shiga masallacinmu. Da aka ɗauke ruwan na leƙa, na ga ƙashin ƙafar saniya da ledoji kwance a kan dardumar liman. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, don na san daga buhun wa wannan ƙashin ya fito.

Washegari Madam Oroma ta zo ta tara mu maza da mata a tsakar gida. Sai da ta fara rusunawa ta gaida Iya, don ta san ta tun tana yarinya. Da buroka ta yi magana, babanku yana juya wa Iya. Ta ce duba-gari sun same ta, sun ce in suka sake ganin haka za su rufe gidan. Ta ce ƙannenta maza dama so suke a tashe mu a mai da wurin shaguna, ita ce ta tare saboda alkawarin da ubanta ya yi wa kakanku. Ta ce ta san Sallarmu ta rago na tafe. In muka wuce ta lafiya, muka ci gaba a haka, za ta iya tsaya mana. In duba-gari suka dawo, hannunta ya fita.

"No be say I hate una," ta ce, tana duban Iya, wai ba ƙinmu take yi ba.

Iya ta ce wa babanku, "Gaya mata mun ji. Za mu rarraba yadda suke so. Amma da safe za ta fita, gidana ba a fitar da shara da duhu."

Babanku ya juya wajen Madam ya ce, "Mama say thank you."

Ni da nake jin harsunan biyu na sunkuyar da kai. A nan na gane cewa in aka bar wa mazan gidan nan maganar, godiya za su yi ta yi har a fitar mana da kaya titi.

Da rarrabawar na fara, don ita ce mai sauƙi. Na samo tsofaffin bokitan fenti masu murfi na wanke, na jera a lungun famfo. Na rataye buhu biyu a ƙusa. Na gane cewa abin da ke sa bokitin ruɓaɓɓe wari ruwa ne, sai na riƙa zuba ragowar miya da dattin tumbi a tsohon kwando su tsane tukuna. Gwangwani a ɗauraye shi, in ba haka ba kyankyasai su tare a buhun. Robar ruwa a take ta ta lotse don ta rage cin wuri. Kwali a ɓoye shi daga ruwan sama, in ya jiƙe ba sa karɓa. Fasasshiyar kwalba a naɗe ta a tsumma saboda hannun masu ɗauka. Toka sai ta huce. Takardun Islamiyyarku da suka yage da tsofaffin kalanda masu sunan Allah kuwa ban yarda su shiga buhun kowa ba, a kasko nake ƙona su in binne tokar a gindin bangon masallaci. Matan gidan suka sa mini suna Sarauniyar Bola. In na wuce Delu ta rusuna ta ce ranki ya daɗe. Na ce na karɓi sarautar, talakawa su kawo haraji a tsane.

Abin da zai ba ku mamaki, Iya ta fi kowa son wannan aiki. Ta ce ai haka ake yi a gida, na dabba daban, na gona daban, mutanen birni ne suka lalace. Takan zauna a kujerarta 'yar tsugunno tana ɗauraye gwangwani tana faɗa da duk wadda ta jefa leda cikin ɓawon doya. Don haka ku sani, ba a kan bola muka saɓa ba. A kan lokaci ne.

Ba hanyar da ban nema ba. Na roƙi direban motar ya riƙa biyowa da safe, ya ce ba shi ke tsara aikin ba. Na ce wa Iya to matar tela ta riƙa fitar mana, tunda ita ba ta san da wannan doka ba. Iya ta ce sharar gida ta gida ce, ko hannun wa ya ɗauka. Na roƙi tela ya bar mu mu ajiye a shagonsa tun la'asar, mutumin da bai gama biyan yadikan mutane ba, ya dube ni kawai na ba kaina amsa. Na ce wa Iya abin bokiti fa ba shara ba ne, taki ne za a kai gona. Ta ce ko a Haɗeja ba ta taɓa ganin wanda ya kai taki gona da magariba ba. Daga ƙarshe na sa hijabi na je wajen limaminmu. Ya saurare ni sosai. Ya ce shi dai bai ga hanin nan a littafi ba, tsafta kuwa ya gan ta. Har na fara murna, sai ya ƙara da cewa biyayya ga iyaye ma ya gan ta, kuma uwar miji uwa ce. Na fito kamar yadda na shiga.

Saura babanku. Na same shi bayan ya ci abinci yana wasa wuƙaƙensa.

"Malam, gobe Talata."

"Na sani."

"To me ka ce?"

Ya daɗe yana goga wuƙa a dutse. "Ladidi, ni ba zan ce ki yi ba, ba zan ce ki bari ba. Uwata ce."

"Na san uwarka ce. In aka tashe mu, ina za ka kai ta? Bakin ruwa, da wannan ciwon ƙafar tata?"

Ya ci gaba da wasa wuƙarsa. Allah ya jiƙansa, mutum ne da zai kayar da bijimi shi kaɗai, amma in Iya ta ɗaga gira sai ya koma ɗan yaye. Ban ga laifinsa ba. Na dai fahimci cewa kayan nan a kaina aka sauke shi.

Ranar Talata na yi sallar magariba, ina sallamewa na ji hon ɗin motar daga bakin layi. Iya na zaune a tabarma a ƙofar ɗakinta da carbi. Zan iya bi ta bayanta in sulale, amma ban yi mata haka ba. Na ɗauko bokitin na zo gabanta na durƙusa.

"Iya, zan fitar."

"Ajiye bokitin nan."

"Iya, ki yi mini aikin gafara. In ban fitar ba, gidan za mu rasa."

"Wanda ya ba mu gidan yana nan bai mutu ba. Allah nake nufi, ba Papa ba. Ajiye, 'yar nan."

Ban taɓa ƙetare maganarta ba sai ranar. Na miƙe, na ɗauki bokitin a hannu ɗaya, buhu a ɗaya. Kada ku zaci jarumta ce. A tsorace nake, don abin da take tsoro ni ma da shi aka raine ni. Na yi bisimilla a bakin ƙofa, na karanta duk abin da ya zo bakina, na taka waje. Mutumin motar ya buɗe murfin ya haska, ya zazzage buhun kaɗan ya duba, ya juye ya miƙo mini bokitina, motar ta yi gaba. Shi ke nan abin da aka yi ta tashin hankali a kansa. Da na dawo, Iya ta shige ɗaki ta saki labule. Tuwon da na aika mata da shi ya dawo ko murfin ba a ɗaga ba. Daga ranar ta koma cin abincin Delu.

Sauran matan sun ga motar ta karɓa, sun kuma san abin da Madam ta faɗa, amma ba wadda ta yarda ta taka ƙofar. Sai su jero mini bokitansu a soro su koma su leƙo. Delu ta ce tunda ni na riga na share nawa arzikin, in taimaka in fitar da tata sharar, ita ta riƙe nata. Na ce Allah ya shirye ki. Haka na riƙa jigilar sharar gidan gaba ɗaya ni kaɗai, ina kai wa ina komowa kafin motar ta gaji da jira. Ciwon bayan da kuke kai ni asibiti a kansa yanzu, a nan na samo shi.

Sallar layya ita ce babbar jarrabawa. Gidan mahauta ne, kowane ɗaki da ragonsa, ga na mutanen unguwa da ake kawowa a yanka musu. Da can jini da dattin ciki duk famfo ake sakar wa su bi lambatu. A wannan shekarar tun jajibiri na samo ganga mai murfi, na ɗaure ragar waya a bakin magudanar tsakar gida, na tsaya a wurin da zanen aiki, kowa na sanye da sabon kaya. Wani dattijo cikin mahautan, sa'an kakanku, ya zo zai juye tumbi a ƙasa na tare shi.

"Yanzu mace ce za ta koya mini fiɗa?"

"Wane ni, Baba. Fiɗa taku ce. Ganga kawai nake nuna maka."

Ya yi tsaki, amma a gangar ya juye. Ƙaho da ƙasusuwa muka tara gefe, robobin lemo da yara suka sha suka cika buhu, ledojin rabon nama aka ɗaure su daban. Ranar motar sai da mazan suka kamo mini gangar zuwa soro, suka tsaya a nan, mutanen motar suka shigo da hannu suka taya ni ƙetarawa da ita. Bayan Sallah duba-gari suka biyo layin, suka leƙa lambatunmu suka wuce. Madam Oroma ta zo ta karɓi soyayyen naman da muka ajiye mata, ta zaga gidan, ta ce in muka ci gaba a haka ba mai taɓa mu. Ta kuma ce ƙannenta na nan sun zuba ido.

Na zaci Iya za ta sauko ganin gidan ya tsira. Wataƙila da ta sauko, ba don abin da ya biyo baya ba. Ba a daɗe ba wuƙar babanku ta zame a wurin aiki ta shige shi tsakanin babban yatsa da manuni. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba, irin na mahauta. Hannun ya kumbura har gwiwa, aka kwantar da shi, aka tsaga. Sauran daminar nan bai riƙe wuƙa ba. Gidan da ba a rasa nama ya koma miyar kuka da daddawa, na kafa tanda a ƙofar gida ina sayar da masa. Ranar da aka sallamo shi, Iya ta yi mini maganar farko tun daga waccan Talata. Ta dubi hannun ɗanta a naɗe, ta dube ni.

"Kin gani?"

Maganar ta shige ni, ba zan ɓoye muku ba. Na yi kwanaki ina juya ta, ina cewa ko dai ni ce. Abin da ya tsayar da zuciyata shi ne na tuna kakanku, mijinta, da yatsa huɗu ya mutu a hannun hagu, kuma wuƙa ce ta cire masa na biyar ɗin a zamanin da ba wanda ya taɓa fitar da ko ɓawon gyaɗa da duhu. Ban gaya mata haka ba. Ba a jifan uwa da irin wannan.

Sai ta kafa sharaɗi. Ko in daina, ko ta koma Haɗeja wajen 'yarta, Goggonku Hanne. Ta ce ba za ta zauna tana kallo a kwashe abin da ya rage ba. Dattawan gidan suka taru, liman ya zo, aka yi ta ba ta haƙuri. Ni ma aka ce in sassauta, ko na ɗan lokaci ne, har ta huce. Na durƙusa a gabanta na ce ta sa ni kowane aiki a duniya zan yi, ta ce in bar sayar da masa, ta ce in tafi gidanmu in yi wata guda, duk na yarda. Amma motar nan ba ta san fushi ba, duba-gari ba su san haƙuri ba, ƙannen Madam kuma dalili ɗaya suke jira. In na tsallake mako guda, buhu ya koma bakin lambatu. Aka juya wajen babanku, kowa na jiran ya tsawata mini a wuce wurin. Yana zaune da hannunsa a rataye a wuya, hawaye na bin gemunsa.

"Iya, ki yafe mini," ya ce. "Ladidi ba ta yi laifi ba."

Sau ɗaya ke nan a rayuwarsa ya faɗa wa uwarsa abin da ba ta so, kuma na san har ya koma ga Allah abin bai bar cinsa ba. In kuna neman wanda ya biya kuɗin zamanku a gidan nan, ku fara da shi.

Iya ta zauna a Haɗeja har Allah ya karɓi abinsa. Muna aika mata, kuna zuwa hutu wajenta, in an haɗa mu a waya takan tambayi kowannenku da sunansa, har ta tambayi lafiyar Delu. Amma ba ta sake taka Fatakwal ba. Ban kore ta ba. Da za a ce in kwanta ta taka ni ta koma ɗakinta, da na kwanta. Abu ɗaya ta nema, shi ne kuma wanda ba zan iya bayarwa ba.

Ranar tafiyarta Asabar ce. Ni na haɗa mata kaya, na sa mata manja da garin rogo da busasshen kifin da take so, ba ta hana ni ba. Muka raka ta tasha da safe, ni da babanku. Da ta zauna a mota sai ta yafito ni ta taga, na matsa.

"Na yafe miki, Ladidi, duniya da lahira. Ke kin riƙe gidan 'ya'yanki, ni na riƙe abin da uwata ta bar mini. Ki riƙa gasa masa hannun nan da ruwan ɗumi, shi ba zai tuna ba."

 Na riƙe hannunta har motar ta fara tafiya.

Da muka dawo na tarar da ƙofar ɗakinta a buɗe, ba komai sai gadon ƙarfe. Na shiga na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka rabo ni da gidanmu. A nan na yi azahar, a nan na yi la'asar, a nan magariba ta same ni. Ina sallamewa hon ɗin motar ya taso daga bakin layi. Delu ta ɗaga labule ta leƙo, wannan karon ba tsokana a bakinta.

"Yau kam ki bar ta, Ladidi. Rana ɗaya ba za ta kashe kowa ba."

Na goge fuskata da bakin mayafi na miƙe.

"In na bar ta yau, Delu, to a banza Iya ta tafi."

Na gyara ɗaurin zanena, na je lungun famfo na ɗauki bokitin.